Gajeren fim da wayar hannu: yadda muke yi a ƙungiyarmu ta Bauchi

A ƙungiyarmu ta masu koyon shirya fim a nan garin Bauchi babu wanda fim ne sana'arsa. Kowa da abin da yake yi, sai ƙarshen mako a haɗu. Kayan aikin ma ba su taka kara sun karya ba: wayoyin Android, tiraifod ɗaya, makirufo biyu na maƙalawa a riga, fawa bank, da kwamfutar tafi-da-gidanka ta editin. Da su muke fitar da fina-finai na minti biyar zuwa bakwai. Abin da aikin ya nuna mana shi ne mai kallo yana haƙuri da hoto ko da ya ɗan yi duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da jarumi ke faɗa, ya tashi ke nan. Don haka mafi yawan wahalarmu a kan sauti take, kuma sauti ne ke yanke mana wurin da za mu yi ɗauka da lokacin da za mu yi ta.

Rubutu muke fara gamawa kafin kowa ya taɓa kyamara. Ƙa'idar da aka sani ita ce shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo, to shafi shida ya ishe mu. Muna tsayawa a kan lokeshan biyu da 'yan wasa uku, domin duk mutum ɗaya da aka ƙara, an ƙara wanda za a zauna jira. Inda rubutun sababbin shiga ke yawan lalacewa shi ne gaisuwa. In aka rubuta ta yadda muke yin ta a zahiri, daga sallama zuwa ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari, rabin minti ya tafi ba a ce komai ba. Mukan fara sin ɗin, wato wannan yanki na labarin, bayan an gama gaisawa, mutum ya riga ya zauna, ya buɗe baki zai faɗi abin da ya kawo shi. Sai in gaisuwar ce ke ɗauke da labarin, misali suruki ya amsa a ciki-ciki, nan kam a bar ta. Sannan ba ma tilasta wa ɗan wasa karin harshen da ya saba ji a fina-finan Kano. Ɗan unguwar Jahun ta nan Bauchi ya yi Bausancinsa, ya fi zama a bakinsa.

Zuwa duba lokeshan kuwa, da kunne muke zuwa. Mutum biyu su je a daidai ranar mako da sa'ar da za a yi shutin, su kunna rikodar waya, su yi shiru na minti biyar, su dawo mu saurara da abin sawa a kunne. Kunnen mutum yana tace hayaniyar da ya saba da ita, makirufo kuwa komai kwashewa yake. A nan ne ake jin injin markaɗen maƙwabta, da janareton mai cajin waya, da Keke Napep da 'yan acaɓa a bakin titi, da karatun makarantar allo a bayan katanga. Gidan da ke kusa da Kasuwar Wunti ko Muda Lawal, kome kyansa, ba ma yin sin mai doguwar magana a cikinsa. Ɗaki mai rufin kwano ba silin shi ma matsala ne: da rana kwanon yana ƙas-ƙas in ya ɗau zafi, da damina kuwa ko yayyafi aka fara an tashi daga aiki. Ɗakin ƙasa ko zaure mai tabarma da labule ya fi mana ɗakin siminti mai tayil wanda ba kaya a ciki, saboda murya tana dukan bango ta dawo, kuma wannan amsa-kuwwar ba ta fita a editin.

Idan hayaniyar ta mutum ɗaya ce, magana ke gyara ta. Mukan je tun ana gobe, a gaisa, a ce: “Baba, alfarma muke nema, gobe bayan la'asar ko za a kashe mana injin na minti ashirin?” Galibi ana yi, musamman in an riƙa dawowa ana cewa a kunna tsakanin sin da sin. Haka mai unguwa, sai mun je mun gaishe shi mun faɗa masa abin da fim ɗin ya ƙunsa kafin mu kafa tiraifod a layi. A kasuwa shugabannin kasuwar ake nema. Duk wanda fuskarsa za ta fito yana sa hannu a takardar amincewa, yara kuma iyayensu ke sa musu.

Makirufon wayar da ke ɗaukar hoto ba ma dogara da shi, saboda nisa. Duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), hayaniyar wurin kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa muke maƙala ƙaramin makirufo a ƙirjin ɗan wasa, santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, igiyarsa ta bi ta cikin riga zuwa wata wayar hannu da ke aljihunsa tana naɗa. Irin Boya BY-M1 da ya yi yawa a hannun mutane igiyarsa mita 6 ce, yana da ɗan batiri LR44 da makunni mai gefen kyamara da gefen waya. In za a jona shi da waya a tabbata makunnin yana gefen waya, in kuma wayar ba ta da ramin iyafis sai an nemi adaftar USB-C mai karɓar makirufo, don ba kowacce ke karɓa ba. A gwada, a ƙwanƙwasa kan makirufon da yatsa a ga ko mitar da ke nuna ƙarfin sauti a manhajar naɗa ta motsa. In ba ta motsa ba, wayar da nata makirufon take naɗa, kuma ba za a gane ba sai an koma gida.

Tufafinmu suna da nasu rigimar. Shadda mai sitaci ƙara take yi da kowane motsi, hijabi kuma yana goga kan makirufon duk sanda aka juya kai. Ga maza mukan nemi yadi mai laushi wanda ya sha wanki. Ga mata, wata daga cikin 'yan ƙungiya ce ke sa musu, ta manne makirufon da filasta a jikin rigar ciki, ta ɗan naɗe igiyar ta manne ta ita ma don kada jan igiya ya shiga sauti. Awarwaro da sarƙa a cire, ko a ɗaure su da zare. A waje lokacin hunturu soson da ke zuwa da makirufon ba ya tare iska, sai an sa mai gashi-gashin nan, ko a juya ɗan wasa ya ba iskar baya.

Muna naɗa a tsarin WAV, kilohaz 48, muryar tana kaiwa wajen -12 a mitar sauti, wadda sifili ne ƙololuwarta. In ta bugi sifili ta fashe, ba gyara. Duk wayoyi a sa su a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya yana katse ɗauka. A kashe fanka da firji. Kafin darakta ya ce akshin, wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar sin da lambar ɗauka, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wannan tafin ne edita zai dace da shi a hoto da sauti. Kafin a bar kowane ɗaki kuma kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun wurin. Da shi edita ke cike gurbin da ke tsakanin maganganu, in babu shi za a riƙa jin sautin yana ɗaukewa yana dawowa kamar rediyo mai raunin batir.

Saitin kyamara bai da yawa, amma ɗaya daga ciki yana da muhimmanci. Wayoyi suna zuwa a kan firem 30, wato hotuna 30 a kowace daƙiƙa, wutar lantarkin Najeriya kuwa haz 50 ce, shi ya sa ake ganin hoto yana ƙyafta ko layuka suna bi ta kansa a ƙarƙashin wasu fitilu. Mukan sa firem 25, shata (lokacin da kowane hoto ke shan haske) 1/50 na daƙiƙa, ta manhajar da ke ba da dama irin Open Camera, wadda kyauta ce. Muna kulle hasken a kan fuskar ɗan wasa, mu kulle fokas da daidaiton fari, wato saitin da ke sa launuka su fito daidai. In an bar wa wayar zaɓi, farar riga tana shigowa za ta rage haske, fuskar baƙin mutum ta nutse. Saboda haka ma muke guje wa farar shadda tas, mu nemi ruwan toka ko shuɗi mai haske. Girman hoto 1080 ya wadatar. Yana cin kusan megabait 130 zuwa 150 a minti, 4K kuwa ya ninka haka fiye da sau biyu, ga shi yana sa waya zafi. A watan Maris da Afrilu, da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, waya tana iya tsayar da ɗauka da kanta. A cire mata riga, a riƙe mata lema, kada a yi caji ana ɗauka.

Ranar shutin a kan rana da salla muke gina ta. Sin na waje da safe ne, daga bakwai zuwa wajen tara da rabi, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana inuwa tana cika ramin ido, hula ta rufe goshi, don haka lokacin na cikin ɗaki ne. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, wajen 6:45 a watan Yuli, kuma a nan duhu ba ya jinkiri, abin da ke tsakanin faɗuwar rana da duhu kusan minti ashirin ne kawai, ga magariba, ga mata da ya kamata a ce sun isa gida. Saboda haka sin mafi wuya shi muke fara yi bayan la'asar, ba ma ajiye shi ƙarshe. A cikin ɗaki ɗan wasa ya zauna ƙofa ko taga tana gefensa, a ɗaya gefen a riƙe farin soson da ke zuwa a kwalin firji ya mayar masa da haske. Kada a haɗa hasken taga da ƙwan fitila mai ja, fuskar za ta rabu kala biyu. Hazon hunturu, duk da ƙurarsa, yana tausasa haske sosai. Sai dai a riƙa goge gilashin kyamara kafin kowace ɗauka.

Wajen ɗaukar hira tsakanin mutum biyu, mukan ja layi a ƙasa daga wannan zuwa wancan, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin har a gama sin. In ta tsallaka, a allo za a ga dukansu suna kallon gefe guda, kamar ba da juna suke magana ba. Kowane sin muna ɗaukarsa daga nesa gaba ɗaya, sannan kusa da fuskar kowannensu, sannan ƙananan abubuwa: hannu a kan carbi, kofin shayi, takalma a bakin ƙofa. Waɗannan ne ke ceton edita idan magana ta sarƙe a tsakiya.

Mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da shiga da kamannin kowa ba su canza ba daga ɗauka zuwa ɗauka, aikinsa ya fi yadda ake zato, tunda mako guda ke raba mana shutin da shutin. Yana ɗaukar hoton kowa kafin a tashi: karin hula, ɗaurin ɗankwali, hannun da agogo yake. Lalle yana dusashewa a cikin mako, samari kuma ba sa rabuwa da askin Juma'a, to sai an roƙe su tun farko su haƙura har a gama.

A daren ranar ake kwashe komai zuwa kwamfuta da kuma wani hadis na daban, da kebul. In dole sai ta WhatsApp, a tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton. Fim na minti bakwai yakan bar mana ɗanyen hoto na sama da sa'a guda, kusan gigabait goma. Matsalar da ta fi ba editocinmu ciwon kai ita ce baki ya daina dacewa da murya bayan minti biyu ko uku, alhali an daidaita tafin. Dalili shi ne waya ba ta riƙe adadin firem daram, tana ɗan hawa tana sauka. Maganinsa a bi da fayilolin ta manhajar HandBrake a mayar da su firem 25 tsayayye kafin a fara yanka. A manhajojin editin, DaVinci Resolve yana da na kyauta amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. A kan ƙaramar kwamfuta Shotcut ko Kdenlive sun fi tafiya, Audacity kuma na share ƙugin da bai yi yawa ba. In aka matsa wajen sharewar, murya takan koma ta ƙarfe, gara a bar ɗan ƙugin. Kiɗa namu muke nema wajen masu kiɗan da muka sani, da izininsu a rubuce, domin YouTube yana gane waƙar da ke da mai ita.

Rubutun ƙasan allo yana buƙatar font mai ƙ da ɗ da ɓ, irin Noto Sans ko Andika. Da yawa daga fonts na ado akwati suke nunawa a madadinsu. Muna fitar da fim a tsarin bidiyo na H.264, megabit 8 a daƙiƙa, minti bakwai ya zo kusan megabait 420. Kafin kowa ya gani, sai mun saurare shi a lasifikar ƙaramar waya, a waje, domin a haka yawancin mutane za su kalla. Duk kalmar da wanda bai karanta rubutun ba ya ce “me ya ce?”, a koma a ɗaga ta ko a sake naɗar layin a ɗaki mai labule.

Nunin farko na 'yan ƙungiya ne da waɗanda suka ba mu aron gida, a aji ko zaure, da furojekta da lasifika ɗaya mai kyau. Edita yana zama a baya da takarda, yana rubuta mintin da mutane suka fara duba wayoyinsu, washegari ya rage wurin. Wanda yake son ya wuce nan, ya sayar ko ya nuna a sinima, sai fim ɗinsa ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993. Masu son karatun abin sosai kuwa mukan nuna musu hanyar Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da makarantarta ta koyon fim, tafiyar kusan kilomita 130 daga Bauchi.