Kai kwano sama ma yana da nasa haɗari

Duk wanda ya san aikin rufi ya san cewa mutane sun fi tsoron faɗowa daga sama. Amma raunin da ke cin kafintoci da leburori a hankali, tun a ƙasa yake farawa, lokacin da ake ɗaga kaya.

Bandir ɗaya na kwano falle 20 ne. Kuskuren da aka saba shi ne a ɗora wa yaro guda bandir a ka, a ce ya kai gindin gini. Ya sunkuya da ƙafafu a miƙe, ya ɗaga, ya kuma murɗa ƙugu zai juya. Wannan murɗawar ce ke taɓa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, sai ka ji ciwo na sauka ta ɗuwawu har ƙafa. Yawan yunƙuri da kaya masu nauyi kuma yana fito da gwaiwa. A kwance bandir, a ɗauki falle uku ko huɗu, mutum biyu, kowa da safar hannu mai kauri, domin gefen kwano kamar reza yake. A lanƙwasa gwiwa wajen ɗagawa, kaya manne da jiki, in za a juya a juya da ƙafa.

Kada kowa ya hau tsani da kaya a hannu. A jingina katako 2x4 guda biyu a bango su zama gangare, a ɗaure kwanon da igiya, na sama su ja. Doguwar alminiyon ta rufi ba ta da nauyi sosai, amma iska na kama ta, ta fizgi mutum. In iska ta taso, musamman gaban hadari, a dakata. A kuma duba wayar lantarki kafin a miƙe dogon falle.

Ɗanyen katako ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, a lura da wannan. In kaya sun hau, kada a jibge su wuri ɗaya a tsakiyar rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufi. A rarraba su kusa da inda bango ya tokare, a ɗaure.

Wanda kwano ko ƙusa ya yanka, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne jinin, a kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus. Ban da zuba ƙasa ko man birki a kan ciwon.