Kalkulas da malamin "ba haka na koyar ba"

Tunda dai mun rubuta pepar ƙarshe, bari in amayar da abin da ke raina kan kwas ɗin lissafi na 'yan tattalin arziki na ajin farko, wanda duk ɗan sashenmu a nan Gombe ya san shi, ya kuma san malamin da ke koyar da shi. Ba zan kama suna ba.

Tambayar da ta ja min kerioba, wato faɗuwar da ta sa na maimaita kwas ɗin, har gobe ina iya karanto ta da ka. Kuɗin ciniki R = 500Q − Q², kuɗin kashewa C = 100Q + 5000, a nemo Q, wato yawan kayan da riba za ta fi tsoka. Shi a handawut ɗinsa sai ka haɗa ribar wuri guda, ka yi difarenshiyeshan (lissafin yadda riba ke canzawa in yawan kaya ya canza), ka daidaita da sifili. Ni kuma na fitar da abin da kaya na ƙarshe ke shigowa da shi, 500 − 2Q, na daidaita da abin da yake ci, wato 100, Q ya fito 200. Amsa ɗaya ce wallahi, kuma hanyar tawa ita ce ma littattafan tattali suka fi bi. Ya zabga mata jan biro daga sama har ƙasa, ya rubuta ba haka ya koyar ba. Da na same shi a ofis ko ɗago kai bai yi ba, "Yaro, ka sayi handawut?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na abokina na yi fotokwafi." Ya ce in ja masa ƙofa.

Abin da ya fi ci min rai, semesta guda cur bai taɓa tsayawa ya nuna mana me lambobin nan ke faɗa ba. Gwada Q = 250 ka gani, ciniki zai tashi daga 60,000 zuwa 62,500 amma kashewa ta tashi daga 25,000 zuwa 30,000, riba ta sauko daga 35,000 zuwa 32,500, ka sayar da kaya da yawa ka koma gida da ƙasa da na da. Duk dillalin da ke kasuwar Tudun Hatsi ya san in ya zube buhunan masararsa gaba ɗaya rana guda farashi zai karye a hannunsa, dy/dx ɗin, wato alamar difarenshiyeshan, ne kawai bai sani ba. Tun 1838 masanin lissafi Cournot na Faransa ya sa wannan a lissafi, mu kuma aka mayar mana da shi hadda.

Haka ilastisiti, wato yadda saye ke raguwa ko ƙaruwa in farashi ya canza, da masanin tattali Marshall na Ingila ya yaɗa a 1890. Sai da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na gan shi ido da ido, masu Keke Napep ba su da yadda za su yi dole su sha mai ko nawa ne, fasinja kuwa da aka ƙara kuɗi da yawa suka koma takawa a ƙasa.

Sauran a taƙaice, ga masu tasowa: ku duba dirabatif na biyu, wato ku sake yin difarenshiyeshan a karo na biyu, kafin ku ce riba ta kai ƙololuwa, in bai fito nagatif ba akwai matsala. Ku zana giraf ko ba a tambaya ba. Takardar tes kada ku yar.

Da na maimaita kwas ɗin A na ci, daga baya ma ni nake yi wa ƙannenmu tutoriyal, kuma hanya biyun duka nake koya musu, in ce su rubuta ta malamin a jarrabawa. Amma F ɗin farko tana nan cikin lissafin CGPA ɗina, da ita zan karɓi takarda. Na bar shi da Allah.