Gilashin Kyamara Mai Faɗin Ƙofa: Ya Kai A Zuba Masa Kuɗi?

Idan masu hoto suka ce gilashi yana da "sauri", ƙofar haskensa ce ke buɗewa sosai, har a iya ɗaukar hoto da shota (ƙyauren da ke buɗewa ya rufe don shigar da haske) mai sauri. Lambar f ce ma'aunin, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga f/4 zuwa f/2.8, zuwa f/2, zuwa f/1.4, kowane mataki yana ninka haske sau biyu. Wato f/1.4 na shigo da haske ninki takwas na f/4.

Ga abin da hakan ke nufi a aikace. Ɗakin da f/4 ke tilasta maka shota ta 1/30 na daƙiƙa, f/1.4 zai ba ka kusan 1/250. Ko kuma ka sauko da ISO, wato ma'aunin ƙarin hasken da kyamara ke yi wa hoto, daga 6400 zuwa 800, tsakuwar da ke ɓata hoto ta ragu. Wasu za su ce ai kyamarori yanzu suna da na'urar hana girgiza. Gaskiya ne, amma girgizar hannunka kaɗai take gyarawa. Yaron da ke gudu ko mai rawa a dandali, a 1/30 dishi-dishi zai fito, komai tsadar kyamarar.

To amma ina kuɗin ke tafiya? Tsakanin f/1.8 da f/1.4 kashi biyu cikin uku ne kawai na mataki guda. Daga f/1.8 zuwa f/1.2 kuwa, ɗan sama da mataki ɗaya. A kan wannan 'yar tazarar ake ninka farashi sau da yawa, nauyi ma haka. Canon RF 50mm f/1.8 giram 160 ne, ɗan'uwansa f/1.2 giram 950. Filtar na farko milimita 43, ta na biyun 77, ita ma da nata kuɗin. A ɓangaren gilashin 70-200mm, na Canon EF mai f/2.8 ya kusa kilo ɗaya da rabi, mai f/4 kuma kusan rabin haka. Wanda zai yini da shi a wuya ya san bambancin.

Babbar matsalar da ba a cika faɗa wa mai saye ba ita ce ƙarancin wurin da ke fitowa tar. Ka ɗauki gilashin 85mm a f/1.4 kan kyamara mai cikakken sansa (mai girman fim ɗin 35mm), mutum yana mita 2 daga gare ka: abin da zai fito tar bai wuce santimita 5 ba. Ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya dushe. Ka saita fokas sannan ka juya kyamara don gyara tsayuwar hoton, shi ke nan, fokas ya bar ido ya koma kunne. Mutum uku a jeri biyu kuwa, dole ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, inda gilashi mai araha ma zai yi aikin. A kyamarorin DSLR, masu madubi a ciki, akwai ƙarin ciwon kai, domin fokas kan sauka gaba ko bayan wurin da aka nufa, sai an shiga saiti an daidaita shi da gilashin. Kyamarori marasa madubi sun rage wannan sosai, musamman waɗanda fokas ɗinsu ke bin ido.

Buɗe ƙofa gaba ɗaya yana da wasu illolin: kusurwoyi su yi duhu, gefen abu mai ƙyalli ya ɗauki layin shunayya ko kore. A nan kam masu tsadar na zamani sun fi, wani ɓangaren kuɗin ma na wannan gyaran ne. Da tsakar rana kuma f/1.4 a ISO 100 na neman shota da ta zarce 1/8000, alhali kyamarori da yawa a 1/4000 suke tsayawa. Sai an ɗaura filtar ND mai rage haske.

Mai hoton biki cikin ɗaki mai duhu inda ba a son filasha, mai wasannin cikin zaure, mai hoton taurari, waɗannan kuɗinsu ba zai tafi a banza ba. Mai hoton gine-gine, shimfiɗar ƙasa ko kayan talla, wanda kullum yake f/8 bisa sanda mai ƙafa uku, nauyi kawai zai saya.

Kafin ka yanke shawara, buɗe hotunanka na shekara guda a manhajar Lightroom ka tace su da lambar f da ISO. Idan akasarinsu suna manne da ƙofa mafi faɗi da gilashinka ke da ita, ISO kuma yana haura 3200, lallai haske ya yi maka kaɗan. Ko a nan ɗin ma, fara da 35mm ko 50mm f/1.8, ka yi wata biyu da shi. In har yanzu yana gaza maka, ɗauki hayar f/1.2 na kwana biyu, ka ƙirga hotuna nawa cikin ɗari fokas ya sauka a ido.