Miyar taushe ba gyaɗa

Yau da rana autata, wadda jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ta tsaya a bakin kicin tana leƙen tukunyar miyar taushe, sannan ta ce, "Umma, wannan ma ta su Yaya ce?" Na ce mata ta kowa ce. Da agushi na kaɗa miyar a madadin gyaɗa, na soya da manja domin man gyaɗar da ake matsewa a gida yana tayar mata da borin jini da kumburin leɓe, kabewa da alayyafo kuwa ban yi musu rowa ba. Ko yajin ni na daka da barkono, citta da kanumfari, tunda na kasuwa sau da yawa akwai ƙuli-ƙuli a ciki. Markaɗen ma a gida na yi, saboda injin unguwa ba ya rabuwa da niƙan gyaɗa.

Ta sa hannu a kwano ɗaya da yayyenta, ta gutsuri tuwon shinkafa ba tare da ta sake tambaya ba. Ashe rashin cin gyaɗar bai dame ta kamar ware mata kwano daban ba. Ina ganin daga yau tukunya ɗaya zan riƙa ɗorawa a gidan nan.