Irin da na jiƙa, ruwa ya ɗauke

Jiƙa iri kafin shuka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Masara takan sha ruwa awa 16 zuwa 18, dawa da gero kamar awa 10, a tsame, a bari ta sha iska, a shuka. Tsiro yakan fito da wuri, kuma bai ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake yi da irin idan shukar ta fasa.

Shekara uku ke nan, hadari ya haɗu a ƙarshen watan Mayu, na jiƙa tiya biyu ta masara da dare. Gari ya waye, yayyafi kawai aka yi, ƙasa ko jiƙa ba ta yi ba. Na shanya irin a rana tsaka na ɗan lokaci, na ƙulle a leda, na jefa saman akwati a ɗaki mai rufin kwano. Da ruwan shuka ya sauka bayan mako uku, na kwance ledar, sai warin tsami. Wasu ƙwayoyin sun yi fumfuna. Na shuka a haka saboda taurin kai, ko rabi bai fito ba.

Wani malamin gona ne ya warware mini. Ya ce: «Malam, irin da ya sha ruwa ka tashe shi daga barci. Ya fara cin guzurinsa, har da sukarin da ke kare shi daga lalacewa idan ya bushe. Ko ka sake busar da shi, ba zai jure ajiya kamar da ba.» Ya kawo ƙa'idar wani masanin iri ɗan Amurka, Harrington: duk kashi 1 cikin 100 na danshi da ka rage a jikin iri, ko digiri 5 na zafi da ka rage a ma'ajiyarsa, kwanansa yakan ninka. Ni kuwa na haɗa masa danshi da zafin kwano a leda guda.

Bara abin ya sake faruwa, amma na shirya. Na baza irin a tabarma, siriri, a inuwar zaure inda iska ke ratsawa, ina juyawa har kwana uku. Zafin rana a kan jiƙaƙƙen iri dafa shi yake. Sai da na ciji ƙwaya ta ce ƙas, sannan na gwada da gishiri: busasshen gishiri da ɗan iri a kwalba, a rufe, a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran aiki. Bai manne ba.

Na zuba a jarka mai murfi na kirki, na cika ta fam, na sa ƙullin busasshen gawayi a bakin don ya tsotse laima. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, shi ma zai yi, amma ya yi wa tiya biyu yawa. Jarkar ta zauna a ɗakin soro, kan katako, nesa da bango.

Kwana biyar kafin shuka na ƙirga ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu, galibinsu suka tsira. Duk da haka ban yarda in kai shi wata damina ba, ragowar irin kaji na ba suka ci. Bana kuwa sai da na tona ƙasa na ga ruwa ya shiga tsawon tafin hannu, sannan na ɗauko bokiti.