Abin da bini da zugu ya yi wa saurata

Duk mai son shuka bini da zugu don man injin, ya shuka, ban hana kowa ba. Amma idan wani ya ce maka sai ka tone kalgo da sabarar da ke filin tukuna, ka sallame shi tun daga bakin gona. Ni an faɗa mini haka, kuma har yau raina yana ɓaci in na tuna.

A 2007 gwamnatin tarayya ta fito da manufar samar da mai daga tsirrai, zancen bini da zugu ya cika gari. Shekara ta zagayo wasu ma'aikatan kamfani suka iso mana wajen Gumel da iri a buhu da alkawari a baki: itace ne na shekara da shekaru, ba ya son taki, ba ya tsoron fari, zai farfaɗo da matacciyar ƙasa, kuma su za su saye 'ya'yan. Wani ɓangaren gaskiya ne. Kowa ya san shi a shingen gida, akuya ba ta taɓa shi, 'ya'yansa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku mai ne. Ina da saura a jigawa wadda na bari ta huta, sai suka ce ai wannan ƙasar banza ce, ita ake nema. Sharaɗinsu ɗaya: a share fili tas, a cire kututture, a jera shuka layi-layi.

Sharewar nan ita ta kashe ni. Saurar da suka kira ta banza cike take da sabara da kalgo, ga 'yan gawo masu tasowa. Muka tone su har saiwa, muka tara muka banka wuta. Abin dariyar, mutanen da suka sa mu wannan aiki su ne ke mana wa'azin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Damina ta farko da ta biyu shuka ta yi kore shar, har mutane na tsayawa kallo. Sai hunturu ya shigo ya kakkaɓe ganyen gaba ɗaya. Abin da ba wanda ya tsaya ya yi mana bayaninsa ke nan: bini da zugu tsirara yake yin rani. Daga hunturu har bazara sanduna ne kawai a tsaye, daidai lokacin da iska ke neman abin ɗauka. Sabara da kalgo kuwa da ganyensu suke shan rani, suna tare ƙura, shi ya sa za ka ga tudun ƙasa mai laushi a gindin kowanne. Gawo ma a damina yake zubar da nasa ganyen ya zama taki, da rani ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Da guguwar farkon damina ta zo, na je na tarar rairayi ya tashi daga tsakiyar gonar ya kwanta a kan geron maƙwabcina da bai fi tsawon yatsa ba. Saiwar wasu itatuwan nawa tana waje kamar yatsun kaza. Sai da mutumin ya sake shuka, ni kuma na sha kunya da ban haƙuri.

Dabbobi ma sun ji a jikinsu. Da can Fulani kan sauka a saurar bayan kaka, shanu su ci 'ya'yan kalgo su bar mini kashi. Yanzu me za su ci? Suka daina zuwa, takin kyauta ya yanke. Tunkuzar da ke fita bayan an matse mai guba ce, ba a ba dabba, sai dai a mayar gona. Yara kuma sai an yi ta tsare su, don ƙwayar tana da gardi a baki, ga ta da sa amai da gudawa.

Amfanin ma bai taka kara ya karya ba. Rashin mutuwa a fari daban, haihuwa daban. Don ya yi 'ya'ya sosai yana son ruwan sama wajen milimita 1,000 zuwa sama, mu kuwa in mun samu 600 mun gode Allah. Gara ta shiga gindin waɗanda suka raunana. 'Ya'yan ba sa nuna tare, kullum kana tsinta. Masu kamfani tun ana samunsu a waya har lambar ta daina shiga. Daga baya na ji ba mu kaɗai ba ne: kamfanin mai na BP ya janye daga haɗin gwiwar noman bini da zugu da ya yi da kamfanin D1 Oils a 2009, wani kamfanin noman, Sun Biofuels, ya durƙushe a Tanzaniya a 2011, a arewacin Gana kuma an sare kaɗanya da yawa da sunan wannan noma. Mata can da man kaɗe suke riƙe gida.

Inda bini da zugu ya yi mini rana shi ne bakin wani ɗan kwazazzabo a gabashin gonar, wurin da na zuba ragowar iri a matsayin shinge ba tare da na share komai ba. Nan ya riƙe ƙasa, ciyawa ta taru a gindinsa, kwazazzabon ya daina ci gaba. Na lura wanda aka shuka da ƙwaya ya fi wanda aka dasa reshe riƙo, domin shi ne ke sa doguwar saiwa ƙasa. Mutanen Mali da shinge suka san shi tun da daɗewa, mata na yin sabulu da mansa.

Tsakiyar gonar na tumɓuke shi na mayar da gero da wake. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya nuna mini sassaben zamani, yadda suke barin tohon kututture su zaɓi biyu ko uku su rene shi, aikin da ya dawo da itatuwa a miliyoyin kadada a Maraɗi da Damagaram. Duk dabarar a kan tsohuwar saiwa ta dogara, tawa kuwa an sa na tone. A gefen da masu aiki suka yi ha'inci suka bar kututture a ƙasa, kalgo ya riga ya wuce kaina. Sauran filin sai dashe nake yi, ina kewaye kowane tsiro da ƙaya saboda awaki.