Zaman waƙa a unguwar Goggo

Jiya bayan la'asar na raka Goggo zaman da matan unguwarsu ke yi a Sakkwato. Tabarmi ne a tsakar gida, sai wata dattijuwa da gafakarta, takardun ajami a ciki duk sun yi ja don tsufa. Tana jan baiti muna amsawa, ko kallon takardar ba ta yi.

Waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu ne, Allah ya jiƙanta. Kafin rasuwarta a 1864 ta zuba ilimin addini cikin waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta naɗa jajoji, wato mata malamai, da malfa da jan rawani, suna kai wa 'yan taru, wato mata ɗalibai, karatu har ƙauyukansu. Wadda ba ta iya karatu ba ma sai ta haddace, tana daka tana rerawa.

Akwai wata da ba ta daɗe da fita takaba ba. Da aka zo baitocin mutuwa, muryarta ta sarƙe. Ta kusa da ita ta kama hannunta, ta ƙarasa mata baitin. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Goggo ta ce, "Ranar Alhamis ki zo da littafinki, ki rubuta." Zan je in sha Allahu.